Wanda Ya Mayar wa Baba da Dariyarsa

Mai gyaran faifan ba ya ɗago kai. Da tabarau ɗaure da zare yake kallon bidiyon marigayi baban matar da ke tsaye a gefensa, wanda aka juye a faifai ya lalace: fuska ta miƙe, baki na motsi, murya na biyo baya.

Ko sunan mai gyaran ba ta sani ba. Tana kallo ya tsaya inda Baba ya buga sandarsa a ƙasa, yana jan sautin kaɗan-kaɗan har ƙarar ta faɗo daidai kan sandar. Ya daidaita hoton. Sai dariyar tsohon ta koma bakinsa.

Sau uku yana maimaita wurin. Wataƙila shi ma akwai muryar da ya rasa.

"Allah ya saka da alheri, Malam."

"Kwafi biyu na yi miki, 'yar'uwa. Faifai yana karcewa."