Kwallin da Na Sa wa Jaririyata

Ko na manta da komai a duniya, ba zan manta da kwallin nan ba. A shekarun casa'in ne, muna zaune a Bolewa cikin Potiskum, ina goyon 'yata ta fari. Maigidana direban babbar mota ne. Da ya dawo daga arewacin Nijar sai ya kawo mini tsarabar wani baƙin dutse mai nauyi da ƙyalli, wanda wani ya ba shi kusa da wurin haƙar ma'adinai. Kwalli ne sak a idona. Na ɓalli kaɗan na niƙa, na riƙa rambaɗa wa jaririyar kullum bayan wanka, ina ta yanga da ita.

Ana haka ƙanin mijina ya zo hutu. A ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a yake aiki, kuma mutum ne da ba ya shigowa gidan bai tsokane ni ba. Ya ga dutsen a kan taga, ya tambayi inda aka samo shi. Ina faɗa masa, har da cewa shi ne kwallin jaririyar, sai dariyarsa ta ɗauke.

"Matar yaya, tun yaushe kike sa mata wannan?"

Na ce tun da aka kawo shi. Ya yi mini bayani cewa ƙasar can akwai yuraniyam, kuma irin dutsen nan yana fitar da wani tururi da ba a gani, ba a jin warinsa, amma yana cin jiki a hankali. Da cokali ya ɗauke shi ya jefa a gwangwani. Ya ce a wurin aikinsu za a narka shi da asid, wata na'ura ta riƙa tace ruwan da kanta, tana ware kowane sinadari daban ba tare da hannu ya taɓa ba, sannan a auna. Abin da masana ke tsoron taɓawa ke nan, ni kuwa na cusa shi a idon 'yata.

Ya tafi, ga shi ba mu da waya. Abinci ya daina shiga mini. Na wanke idon yarinyar har ta gaji da kuka. Nakan kaɗa yatsa a gabanta in ga ko za ta bi da kallo, in ta ƙi bi sai in sake kaɗawa. Surukata ta ce in bar wahalar da kaina, su ma da kwalli aka raine su.

Da ya dawo, tun daga ƙofa ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, idonta zai tsira." An samu yuraniyam ɗin, amma kaɗan ne ƙwarai. Dalma ce ta fi yawa, ita ma guba ce ga jariri, don haka muka kai ta asibiti. Allah Ya tsare, yau ita ke zura mini zare a allura.

Na koyi cewa so ba ya hana cutarwa. Tun daga ranar, abin da ban san asalinsa ba ba ya taɓa jikin 'ya'yana, ko da ubansu ne ya kawo.