Kwamitin Sayen Inji da Ƙofar Ɗakin Gyaɗa

Kafin wani ya riga ni faɗa, gara in faɗa da bakina: a labarin nan ni ne sakaran. Ba akuyar ba, ba kuma abokan hirata ba, ko da yake su ma ba wanda zai ba su lambar yabo.

Bokona a aji huɗu na firamare ya tsaya, amma na daɗe ina masinja a sakatariya a Gaya. Wanda ya shekara da shekaru yana yawo da fayil daga ofis zuwa ofis, ko bai karanta abin da ke ciki ba, wani abu sai ya shiga jikinsa. Abin da ya shiga nawa shi ne, ba a sayen komai sai an kafa kwamiti.

Da na yi ritaya na dawo gida Toranke, sai na share gefen zaure na mai da shi wurin taɓa katako. Ba sana'a ba ce, kada kafintoci su ji su yi min dariya. Zarto ne da guduma da gizagon da na gada, sai wani teburin aiki mai nauyin tsiya da na haɗa da katakon darbejiya. Ina yin kujerar tsuguno, ina gyara ƙotar fartanya, in yini ina shaƙar ƙamshin itace. Alhamdu lillahi, ban san inda lokaci yake wucewa ba.

Ranan nan babbar 'yata, wadda take aikin jinya a Kano, ta zo ta tarar da ni ina kokawa da wani katako, gumi har gemu. Ta ce, "Baba, ka zaɓi inji ɗaya in saya maka. Ɗaya fa. In ka yanke shawara ka kira ni."

A lokacin damina ta fara kankama, kuma gara ta riga ta cinye ƙofar ɗakin ajiyarmu, inda uwargida take zuba gyaɗar gayaunarta. Da gyaɗar nan take ƙuli-ƙuli da mai, ita ce sana'arta, ita ce taƙamarta a unguwa. Ta roƙe ni sabuwar ƙofa kafin kaka. Da zarto da guduma zan iya yin ta, amma na miƙe na gyara hula na sanar cewa ƙofar nan da ita za a ƙaddamar da sabon inji.

Ta ce, "Malam, gyaɗa fa ba ta jiran inji."

Na ce, "Hajiya, harkar gwamnati ba a yi mata gaggawa."

Na kafa kwamiti a ƙofar gida bayan la'asar, kowane zama da shayi, ni ne shugaba. Mambobi biyu: aminina tsohon direba mutumin Balan, da wani Bafulatanin Gafasa da muke tsokanar juna tun muna da baƙin gashi. Injina uku ne a gabanmu: na yanka katako, na goge fuskarsa ta yi sumul, da na huda shi da ɗaure sukuru.

Direba ya tsaya kan na yanka. Ya ce, "Injin da ba ya ƙara ai ba inji ba ne. Ka kunna a ji har Ajingi, a san akwai namiji a gidan nan."

Bafulatani ya ce, "Kai direba, ka ji tsoron Allah. Mutumin da kofin shayi ke rawa a hannunsa za ka ba wa abin da ke cin katako kamar rogo? In ya tafi da yatsan, da me zai yi nuni a tahiya?"

Shi na huda yake so, kuma ban yi nisa ba na gano dalili: amalanken shanunsa ne ya sassauta, yana neman gyara kyauta. Na faɗa masa a gaban kwamiti cewa yana da wata manufa. Ya ce shi tasa manufar gyaran amalanke ce, tawa kuwa zaman shan shayi.

Bai yi ƙarya ba. Maganar Allah, tun zaman farko amsar tana zaune a gabanmu. Wutar lantarki a wajenmu baƙuwa ce, tana leƙowa ta gaishe mu ta wuce. Na yanka da na gogewa sai da janareta, ni kuwa ba ni da shi. Abin da nake da shi 'yar sola ce a kan rufi, mai juya fanka da cajin waya, kuma injin huda mai batir ne kaɗai za ta iya ciyarwa. Shi na karɓa daga ƙarshe, ga shi can rataye a zaure, kullum ina sa wa yarinyar albarka. Amma a lokacin, da na faɗi haka da zama ya ƙare, ni kuwa ban taɓa zama shugaban komai ba a rayuwata.

Sai na shirya ziyarar gani da ido. Muka tafi Gaya ranar kasuwa, muka tsaya wurin wani mai injin gogewa, garin katako ya cika mana hanci, direba ya yi ta atishawa yana cewa abin ya burge shi. Muka ci tsire, muka dawo, aka ɗage zama. Gero ya fitar da kai, aka ɗage zama. Aka cire gyaɗa, aka shanya, aka kai ta ɗakin, uwargida ta kare bakin da tsohuwar zana ta tokare da turmi. Ta daina yi min maganar ƙofa, ni kuma na ɗauka ta fahimci tsarin aiki ne.

Wata safiya na tafi jana'iza Balan. Da na dawo na shiga zaure, sai na ga fili fetal. Zarto a ƙasa, guduma a ƙasa, tebur babu. Na faɗa cikin gida ina salati, na hango shi kwance a gefensa, ya toshe bakin ɗakin ajiya, ƙafafunsa na kallona. Ashe babbar akuyarmu ce ta ture zanar ta shige, ta yage buhu, ta ci ta ƙoshi, har ta gayyato 'ya'yanta. Uwargida ta kira matan maƙwabta, suka ciccibo teburin. Na same ta durƙushe tana tsince abin da ya saura a faranti.

Mai hankali shiru zai yi. Ni na yi gyaran murya.

"Hajiya, wannan ai kayan aiki ne. A kan me zan haɗa ƙofar? Kuma kin san kwamiti bai miƙa rahoto ba tukuna."

Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "To Malam, ka sa akuyar a kwamitin mana. Duk gidan nan ita kaɗai na ga ta yanke shawara ta kuma aiwatar."