Ƙarfe Biyu da Haƙorin Makka

Ni ɗan fari ne, uwata kuma Bafulatana ce ta ƙasar Gwiwa. Wanda ya san mu ya san ma'anar wannan. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban tsabar idona ba. In za ta yi zancena sai ta ce "wancan". Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Amma kunya ma tana da ciwo, kada wani ya ruɗe ka.

Karatuna aji huɗu ne a elementare, aka cire ni na koma bin shanu. Bayan samun mulkin kai na sami aikin lebura a asibitin Kazaure: shara, wanke kwano, tafasa kayan aiki. Rashin takarda ya dasa ni a nan. Yaran da na nuna wa inda famfo yake sun zo sun wuce ni. To, su je.

A lokacin likitan haƙori daga Kano yake zuwa rangadi, ni ke riƙe masa tocila. Wata rana aka kawo wani dattijo mai kukan haƙori, likita ya ce in taɓa in faɗi abin da na ji. Na sa yatsa na ce yana girgiɗa.

"Naman yatsanka ne ke motsi, malam," in ji shi. "Yatsa maƙaryaci ne."

Ya ɗauko madubin baki da wani ƙarfe, ya juya su, ya yi aiki da gindinsu. Ɗaya ta wajen leɓe, ɗaya ta wajen harshe. Ka tura nan, ka tura can, idonka a kan haƙorin da ke maƙwabtaka da shi, don shi ne shaida. Sannan ka danna kansa. Wanda ya ɗan motsa gefe zai iya zama. Wanda ya nutse cikin dasashi ya gama. Abin ya shiga kaina ya zauna, har likita ya riƙa ce mini in gwada kafin ya gwada.

Da kuɗin man fetur suka shigo, ƙanena ya sami kwangilar kwalbatoci a hanyar Roni. Ya zama Alhaji, ya kai Inna Makka, ta dawo da haƙorin zinariya a sama, ɓangaren hagu. Ban yi hassada ba. To, na ɗan yi. Matar da ba ta dariya a gaban mutane ta koma tana neman dalilin murmushi.

Bayan damina biyu aka aiko mini cewa haƙorin yana girgiɗa. Na nemi izini, na tafasa ƙarafan nan biyu na asibiti, na naɗe su a tsumma mai tsabta, na hau keke.

Na tarar da gida cike. Duk matar da ta zo jaje sai ta sa yatsa ta jijjiga haƙorin ta ce, "Wayyo Hajiya, ai ya tafi." Wata ma ta yi habaicin cewa aikin hajjin da ya karɓu haƙorinsa ba ya faɗuwa. Wannan maganar ce ta hana Inna cin tuwo. Wanzami na zaune a zaure da awartakinsa, ƙanena na tsaye yana kaɗa makullin mota.

"Yaya, kada ka wahalar da kanka," ya ce. "A cire, in kai ta Kano a sa mata wanda ya fi shi girma."

Daga cikin ɗaki Inna ta yi magana, ba da ni ba, da ƙanwarta da muke kira Goggo: "Ki gaya masa na Kano na Kano ne, na Makka na Makka ne."

Na ce a bari in gwada tukuna. Ƙanena ya yi dariya.

"Yaushe aka ba ka likita? Ko tsintsiyar ce ta yi maka jarrabawa?"

"Ranar da aka ba ka injiniya, Alhajin kwalbati."

Amma ba shi ne matsalata ba. Inna ta ja mayafi ta juya wa ƙofa baya. Buɗe baki a gaban ɗan fari, har ya sa mata hannu? Ta ce gara a cire. Wanzami ya fara kwance jakarsa.

Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Goggo, ki gaya mata hannuna ba zai taɓa ta ba. Ƙarfen gwamnati ne zai taɓa ta. Shi ba ɗan kowa ba ne."

Goggo ta fashe da dariya. "Kin ji, Yaya? Ƙarfe ba ki haife shi ba."

Can Inna ta fito ta zauna a tabarma inda rana ke faɗowa, ta rufe idanunta da goshinta da mayafi, ta bar baki kawai. Goggo ta riƙe mata haɓa ta ɗaga leɓe.

Ban taɓa kusantar fuskarta haka ba tun ina goye. Na sa ƙarfe ciki da waje a kan zinariyar, na tura. Ta motsa sosai. Goggo ta ce, "Innalillahi." Na ce ta dakata. Na matsa sama, daidai bakin dasashi, inda ɗan farin haƙorin ya leƙo daga ƙarƙashin zinariyar. Na tura nan, na tura can, ina kallon na kusa da shi. Ko gezau. Na sake. Ko gezau.

Ashe zinariyar hula ce aka kifa wa haƙori. Hular ce ta saki, haƙorin yana nan daram.

"Goggo, ki gaya mata haƙorinta ya fi na Alhaji ƙarfi. Liƙi ne ya saki. Kada wanda ya ƙara sa mata yatsa, ko ke."

Na ba wanzami haƙuri, ya naɗe jakarsa yana gunaguni. Ranar rangadi ƙanena ya kawo ta Kazaure a mota. Likita ya gwada da kansa, ya zare hular ya wanke, ya kwaɓa abin liƙi ya mayar da ita. Ni na riƙe tocila, Inna ta rufe ido.

Har gobe a Gwiwa ƙanena ne "wanda ya kai Hajiya Makka". Ba a ƙara mini girma a wurin aiki ba, ba wanda ya rubuta komai. Amma ran kasuwa ta gaba Goggo ta zo asibiti da ƙwarya a ka, man shanu ne fal. Ta dire a gabana, a gaban masu fararen riguna.

"In ji wa?" na ce.

"In ji yayata. Cewa ta yi, a kai wa Mai Ƙarfe."

Ba wancan ba. Da wannan sunan ta riƙa kirana har ta koma ga Allah, kuma duk sanda ta faɗa, zinariyar nan sai ta haska.