Hatimin Baba da Azurfar da Ba Ta Ƙara

Shekara goma sha uku ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sale maƙerin fari, wanda mutanen Ƙaraye suka sani a rumfarsa ta bakin kasuwa. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo nakan so in rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye biro, domin akwai nauyin da ban sauke ba. Bana na sauke, shi ya sa na zauna.

Ga wanda bai san sana'ar ba, maƙerin fari shi ne mai aikin azurfa, ba mai ƙera garma da lauje ba. Baba yana yin zobe da awarwaro da 'yan kunne, kuma ba ya son zanen da kowa ke yi. Daga gona yake ɗauko nasa. Matan Fulani na wajen Zoza sukan zo musamman don 'yan kunnensa masu siffar kwanson gyaɗa. Na sha ganin ya tsinko ganyen zogale ya ɗora a gwiwa, ya yini yana zana jijiyoyinsa a jikin azurfa da tsinken ƙarfe, da la'asar kuma ya mayar da aikin wuta wai bai yi kama ba.

Ni ban gaje shi ba. Boko ta ɗauke ni, na ƙare a malamin firamare. Duk abin da na tsinta a rumfar bai wuce jan zugazugi ba, sai wata dabara guda da nake taƙama da ita: na ga yana sakin zobe a kan uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen da ake bugu a kai, ya kasa kunne. In ya yi ƙara mai zaƙi sai ya gyaɗa kai. Na riƙe wannan kamar karatun sallah.

A ciwonsa na ajali ya miƙo mini hatiminsa, wani ɗan ƙarfe mai ɗigo uku da yake bugawa a bayan duk abin da ya ƙera. Ya ce kada in bari a buga shi a kan abin da ba azurfa ba. Iyakar wasiyyar ke nan. Na naɗe shi a tsumma na jefa ƙasan akwati, rumfar kuma ta koma hannun mai cajin waya. Duk ranar kasuwa nakan canza hanya don kada in wuce ta gabanta.

Binta ce autarmu, tana da aure a nan Ƙaraye, kuma tun tana ƙarama hannunta ba ya zama. Shekara biyu da suka wuce ta gano wani abu a waya, wai yumɓun azurfa, ta sa aka kawo mata daga Kano. Garin azurfa ne mai laushi da aka kwaɓa da wani abu mai danƙo, har ya zama kamar ƙullin da ake murzawa da yatsa. Takan danna ganye na gaske a kai, ta ɗaga, sai ga jijiyoyin nan duka sun fito. In ya bushe ta gasa shi da wutar gas, danƙon ya ƙone, abin ya ɗan tsuke, ta goge shi har ya yi sheƙi, sannan ta liƙa masa maratayi irin yadda Baba ke yi.

Ranar da ta roƙe ni hatimin, na karɓi ganye ɗaya cikin aikinta na sake shi a kan tsohuwar uwar maƙerar Baba da ke zauren gidanmu. Ya faɗi da wani sauti a dakushe. Na sake, haka dai. Na ce mata dalma aka sayar mata, kuma 'yar maƙeri ba za ta koma maginiyar tukwane da sunan ubanta ba.

"Yaya, ka dai bincika," in ji ta. Daga nan ta daina zuwa gaishe ni ranar Juma'a.

Wata biyar ina cikin damuwa. In na ba ta, na ci amanar mamaci. In na hana, na kashe sana'ar gidanmu da hannuna, ga kuma ƙanwata na ɓata wa rai. Daga ƙarshe na hau babur zuwa Rogo Sabon Gari wurin Baffa Idi, ɗan'uwan Baba wanda suka koyi ƙira tare. Ya tsufa, amma wutarsa ba ta mutu ba. Bayan mun gama gaisuwa na miƙa masa ganyen, na kuma yi masa bayanin gwajin da na yi, har da ɗan ɗaga murya irin ta masana.

Ya dube ni ya ce, "Kai malam, kunnenka na jin karatun yara ne."

Ya kama ganyen da awartaki ya tura cikin gawayi, ya sa ni jan zugazugi. Da ya yi ja ya fito da shi ya bari ya huce. Fari fat. Ya ɗauko wani zoben da Baba ya ƙera, ya yi masa haka, sai ya fito baƙi ƙirin.

"Ka gani? Tamu ta tsofaffin sulalla ce, da ɗan jan ƙarfe a ciki don ta yi ƙwari. Shi ke sa ta ƙara, shi ke sa ta baƙi a wuta. Wannan ta yarinyar tsantsa ce, shi ya sa ba ta da surutu." Ya juya ganyen a tafinsa ya daɗe yana kallo. "Sale ya yi shekara talatin yana neman jijiyoyin nan. Da yana raye, da ƙanwarka ta gaji da korarsa daga ɗakinta."

Na yi dariya har da hawaye, kuma ban ɓoye su ba. Rabon da in ji ƙirjina sakayau haka tun ranar jana'iza.

Nakan tambayi kaina abin da Baba zai ce da wannan zamani. Na san zai yi mita. Zai ce aikin da ba a yi gumi ba wasa ne, zai ce wutar gas ba ta da albarkar gawayin ƙirya. Amma na san shi, bayan mitar zai tsinko ganye ya ce a gwada masa. Abin da ya dame shi kullum shi ne kada a cuci mai saye, kuma kada ganyen zogale ya fito kamar na wata bishiyar daban. Waɗannan biyun su ne suka rage daga gare shi, kuma a hannun Binta na same su, ba a akwatina ba.

Washegari na tafi gidanta da hatimin, har da gudumar Baba na ɗauka a jaka. Ta ga gudumar ta fashe da dariya.

"Yaya, ai wannan ba ya son duka."

Ta murza yumɓun, ta kwantar da ganye a kai, ta juya bayansa ta miƙo mini. Na ɗora hatimin na danna da babban yatsa, ɗigo uku suka fito ras. Na tura mata hatimin na ce ta riƙe, nata ne. Allah Ya jiƙan Malam Sale, Ya kai haske kabarinsa, Ya kuma yafe wa ɗansa wata biyar ɗin nan.