Ƙarfe Mai Jela Da Na Tono A Karantina

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru shekarata goma sha biyar, kuma duk Karantina babu wanda ya kai ni rawar kai. Umma takan ce da za a jona bakina da wayar lantarki, da ya haska rabin Jidda. A unguwar aka haife ni, a nan aka haifi Abbana. Kakata kuwa, wadda muke kira Hajiya, tana yarinya ta zo aikin Hajji da iyayenta ta zauna, kuma iƙamarta, wato takardar izinin zama, ta mutu tun rasuwar kafilinta, mutumin da ya tsaya mata a wurin hukuma. Shi ya sa doka ɗaya ce tak a gidanmu: kada ka yi abin da zai kawo mai kaki ƙofarmu.

Ni kuma sai aka jarrabe ni da son kayan masu kakin. Tsofaffin kwanson harsashi nake tarawa a gwangwanin biskit, waɗansu na tsinta, waɗansu na yi musaya da abokai. Wani dattijo maƙwabcinmu da muke ce wa Ammu, Bahaushen Sudan ne da ya yi soja da ƙuruciya, shi ya koya mini karanta su. Ya nuna mini lambobin gindin kwanso masu faɗin shekara da ƙasar da ta ƙera, ya ce in tsakiyar ta lotsa an riga an harba. Amma kullum sai ya kama kunnena ya ce, ya waladi, ɗana, iliminka a kwanso ya tsaya, duk ƙarfen da ka gani mai jela ko mai hanci, ka ba shi hanya kamar surukinka ne. Nakan ce na ji, alhali na riga na naɗa kaina janar, har a gida ana tsokanata da sunan.

Da aka fara rushe Karantina, kafin mu sami gida a Waziriyya, sai muka rakuɓe a wurin Baffana a unguwar Safa. Yana da ɗa sa'ana, mai takalma sun fi ƙwaƙwalwarsa yawa, mai Hausa kamar yana tauna ƙanƙara. Ran nan ya tara abokansa, ya ɗauko gwangwanina ya zazzage a gabansu, ya ce su zo su ga gadon ɗan bola. Ya ce ai shi ya sa aka rushe unguwarmu, hukuma shara ta kwashe, saura mazauna cikinta. Suka yi ta dariya, sannan ya kwashe tarin shekara huɗu ya zuba a duron shara na titi. Ban yi kuka ba. Na dai rantse a raina sai na sa shi ya jiƙa wando a gaban dangi, na ɗauka a waya, na ajiye wa jikokinsa.

Bayan kwana biyu na koma tsohuwar unguwarmu ina tone-tone a ɓaraguzai. A inda ƙofar wani gida take na ga ƙarfe mai tsatsa, tsawon damtsena, mai jela kamar ta kifi. Da alama masu gidan da shi suke tokare ƙofa. Maganar Ammu ta faɗo mini, na ture ta. Na juya shi, na ga wani wuri ya lotsa, sai na yanke hukunci irin na janar cewa mushe ne. Na sa shi a buhun shinkafa, na shiga mota da shi yana dukan gwiwata, har da ɗora masa ƙafa.

Ranar Juma'a bayan masallaci dangi suka taru cin abinci, Abba ya gayyato Ammu. Na lallaɓa na kwantar da ƙarfen a tsakanin takalman ɗan Baffa, na laɓe da waya ina jiran ihu. Ihu bai zo ba. Sai ga shi ya fito falo yana cilla abin daga wannan hannu zuwa wancan, yana cewa jama'a ku ga sabon kayan ɗan bola, yalla, maza a ba shi lambar yabo. Ammu na ɗaga kai cokali ya faɗi daga hannunsa. Da wata murya da ban taɓa ji ba ya ce wa yaron kada ya motsa, kada ya saki, kada ma ya yi tari. Ya taka a hankali ya karɓa ya kwantar a kan matashi, ya ce wannan ba a harba shi ba, da ransa, kuma ya isa ya haɗa hawa ukun benen nan su zama ɗaya. A nan burina ya cika: wandon ɗan Baffa ya jiƙe har safa. Wayata tana hannuna, amma yatsana ya ƙi dannawa.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya yi zama irin namu zai gane. Ba wanda ya ce a kira hukuma. Matar Baffa ta ce a naɗe shi a bargo a kai duron shara, halas, shi ke nan. Baffa ya ce a tsoma shi a bokitin ruwa. Kowa yana magana yana satar kallon Hajiya. Ammu ya ce su ji tsoron Allah, mai kwasar sharan nan shi ma yana da uwa. Hajiya ce ta raba gardama. Ta gyara mayafi ta ce a kira su, ita ba za ta tashi gaban Allah da jinin mutane saboda takarda ba.

Suka zo, suka fitar da kowa daga benen, suka tafi da ƙarfen. Suka tafi da Abba da ni, aka yi mana tambayoyi har na faɗi abin da ba a tambaye ni ba. Da suka tabbatar wauta ce suka sake mu. Amma an duba takardun kowa a gidan. Bayan 'yan makonni muka raka Hajiya filin jirgi, za ta koma ƙasar da ta bari tun ba ta gama famfara ba, wurin dangin da sai a hoto ta san su. Ba ta zage ni ba. Ta shafa kaina ta ce, janar, ka ci yaƙi, to wa ka kashe?

Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau ban yafe wa ɗan Baffa ba, in muka haɗu nakan tambaye shi ko wandon ya bushe. Amma shi yana nan Safa da takalmansa, Hajiya ce ba ta nan. Idan ta kira tana tambayar ko har yanzu ana jin ƙamshin teku da asuba, sai in miƙa wa Umma wayar.

'Yan'uwana masu tara irin kayan nan, sanin lamba biyu a gindin kwanso bai mai da ku masana ba. Kun ga ƙarfen da ba ku sani ba, kada ku taɓa, ku ja baya ku sanar. Mai shirin ramuwa kuma ya fara duba waɗanda ke zaune a ɗakin. Ni ɗan Baffa na auna, kakata na samu.