Bukar Mafigin Zakaru

Shekara talatin ke nan da muka kai yayana Bukar makwancinsa, a ƙauyenmu na bakin fadama tsakanin Haɗeja da Guri. Duk wanda ya yi wayo a wajen a zamanin Turawa ya san shi, amma da wuya ka ji an kira sunansa na yanka. Mafigi ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa.

Yaya masunci ne ɗan masunci. In ya jefa birgi, wato ragar nan ta wurgawa, sai ka tsaya kallo. Ana nan dorina ta kifar masa da jirgi, kafaɗarsa ta dama ta goce. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma hannun bai ƙara wuce ƙirji ba. A wajenmu kuwa wanda ya kasa jifa ya bar ruwa ke nan, sai gindin tsamiya inda tsofaffi ke ɗinkin raga. Ga shi ko arba'in bai kai ba. Har yau in na tuna kallon da yake bin jirage da shi da safe, raina ɓaci yake yi.

To, akwai wani Bature da kan zo harbin agwagin ruwa duk kaka, Yaya ya sha tuƙa shi kafin hatsarin. In ya gaji da harbi sai ya ɗauko fatsa. Ba tana, ba tuwo, sai gashin tsuntsu ɗaure a ƙugiya, yana wurgawa yana ja. Mun sha dariya, muna cewa Nasara ya zo yi wa kifi fifita. Ashe Yaya yana dariya yana lura.

Ya sari gora, ya koya wa hagunsa wurgi. Gashin kaza ya fara ɗaurawa, ya ga yana jiƙewa ya cure. Na wuyan zakara ne ya yi, siriri mai ƙyalli, yana rawa a ruwa kamar ƙaramin kifi. Kafin wata ya fita babu zakaran da ke da gashin wuya a unguwarmu. Mata suna Allah ya isa, zakaru suna hango shi sai su haye danga. Masunta kuwa sun samu na yi. Abokinsa Ɗan'azumi kan ɗaga murya daga jirgi: “Mafigi, kifi ya ce gashin ya isa haka, a kawo naman!”

Da ƙorafi ya yi yawa Sarkin Ruwa ya kira shi, ya ce, “Bukar, ka ƙyale kajin mutane. Ga raga can tana jiranka.”

Yaya ya russuna ya ce, “Ranka ya daɗe, a bar ni zuwa janyewar ruwa. In ban ci da gidana ba, da allurata zan zo.”

Zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Da ruwa ya fara ja ya washe, sai tsage ya cika kogi, kifin nan mai haƙora da ke yayyaga raga. Masu birgi suka koma ɗinki, shi kuwa Yaya wurgi ɗaya, cafka ɗaya. Ni na riƙe masa jirgi ran nan, ina gani yana ɗago su da hagu har muka rasa wurin sa ƙafa. Da muka iso gaɓa ihu nake yi kamar ba magidanci ba. Ɗan'azumi ya matso yana sosa ƙeya, wai a sam masa gashi ɗaya. Yaya ya ce, “Je ka roƙi zakaranka, nawa ya ce sai baɗi.”

Yau an datse ruwa can sama, ambaliya ta ragu, samari na sayen ragar roba mai kwashe uwa da 'ya'ya a kasuwar Kafin Hausa. Me Yaya zai ce? Na san ba zai zagi zamani ba, don shi ma ba a wurin kakanni ya ga tasa dabarar ba. Sai dai zai tsokane su, ya tambaye su me suka rage wa kogi na baɗi.

Bai bar gona ba, bai bar garke ba, dabarar ma kaɗan ne suka riƙe ta. Abin da ya bari shi ne ruwa bai kore shi ba, ya yi kamun kifi da hannu ɗaya har furfura. Ni na yi masa wanka. Da na buɗe tafin hagunsa, sai ga sabon yankan zaren fatsa a yatsa, ko ɓawo bai yi ba. Allah ya jiƙan Yaya.