Surukina, Akuya da Fanbel

Ko zan manta da komai, ba zan manta da ranar da na ce zan canza fanbel, wato bel ɗin injin mota, da hannuna ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci, muna haya a Hayin Banki, ban fi wata uku da sayen mota ba, sai rawar kai nake yi. Surukina ya sauka a gidanmu zai tafi Hajji, an ce maniyyata su hallara a sansanin alhazai na Mando kafin azahar. Na bugi ƙirji na ce ni zan kai shi.

Da safe na buɗe bonet, na tarar fanbel ya tsattsage. Matata ta ce, "Maigida, a kira bakanike mana."

Na ce, "Haba, don wannan 'yar robar? Ai ina da sabo a but ɗin mota."

Na yanke tsohon bel ɗin da wuƙa, sabon kuwa ya ce bai san zancen ba. Na ja, na banƙara da sukundireba har na fasa yatsa. Sha ɗaya ta wuce, hankalina ya tashi ƙwarai, don in jirgi ya bar tsohon nan ban san inda zan sa kaina ba.

Shi kuwa yana kan tabarma a ƙofar gida yana jan carbi. Shekara talatin ya yi yana tuƙin babbar mota, amma tsakanina da shi sai gaisuwa, ko ido ba ma haɗawa. Matata kuma 'yar fari ce, ita ma ba ya yi mata magana. Can sai ya yi gyaran murya, ya dubi akuyar maƙwabta da ke cin dusa.

"Ke akuya, a zamaninmu sai an sassauta notin altaneta, a tura ta ciki, bel ya zauna da kansa."

Na sunkuyar da kai, na ɗauki sifana. Nan take bel ya zauna.

"Kuma akuya, in an ɗaure a danna da yatsa, kada ya yi tauri da yawa."

Na danna. Mota ta tashi, muka isa Mando ana cikin kiran sunaye.

Ranar na gane cewa girman kai rawanin tsiya ne, na kuma koyi cewa ana iya gyara wa mutum ba tare da an kunyata shi ba. Yau ni ma ina da surukai har uku, shi ya sa gidana ba ya rabuwa da akuya.